Tabarmar Zaure da Tikitin Jirgi

A watan Mayun 2023 wani matashi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, mai shekara 25, magidanci mai haihuwa ɗaya, ya hau keke na hannu ya nufi Alƙahira. Karatu yake so a jami'ar Azhar, kuɗin jirgi kuwa babu. Guzurinsa bai wuce kayan sawa na canji da tocila da sukudireba ba. Ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar, ya shiga Chadi bayan tafiyar kusan wata huɗu da kimanin kilomita 4,000. A nan tafiya ta tsaya. Keken lafiyarsa lau, ƙafafun mai shi ma ba su gaza ba, hanya ce ta mutu. Gabansa Darfur ce, kuma tun ranar 15 ga Afrilu sojojin Sudan da dakarun RSF suke gwabzawa. Mutanen Aljinaina ta Darfur suna ta kwararowa garin Adre na bakin iyaka, wato kowa yana gudowa daga inda shi ya dosa.

Abin da ya biyo baya ya zaga duniya. Wani ɗan jarida ya tattauna da shi a Chadi, ya sa labarin a intanet, masu hali suka gani suka biya masa jirgi. Ranar 5 ga Satumba ya sauka Alƙahira, ya gana da Dakta Nahla Elseidy ta Azhar, aka ba shi gurbin karatun addinin Musulunci kyauta. A watan Janairun 2024 ɗan fim ɗin Amurka Will Smith ya kira shi ta bidiyo ya yi masa kyauta, ciki har da sabon keke da kwamfuta.

Wannan shi ne ɓangaren da gidajen rediyo suka yayata. Amma a ɗan yi lissafi. Barry ya faɗa wa 'yan jarida cewa sau uku aka kama shi ba da wani laifi ba, biyu a Burkina Faso, ɗaya a Togo, kuma a Togo kwana tara ya yi a tsare, ba a sake shi ba sai da ya ba da sefa 35,000, iyakar abin da ya rage masa ke nan. Bayan nan da sauran Benin da Nijar da Chadi a gabansa. Keke ba ya shan mai, amma mai keke yana ci, kuma wanda ke taka feda kusan kilomita 100 a yini cikin zafin Sahel cin ɗan ƙodago yake yi, ruwa kuwa ba a magana. Aljihu wayam ba ya ciyar da mutum a ƙasa uku. Akwai hannayen da suka miƙa masa kwano, aka yi tafiyar aka gama ba a ji sunan ko ɗaya ba. Alheri iri biyu ke nan ya kai wannan yaro Azhar: na bakin hanya, wanda ake yi da moɗa da tabarma, da na nesa, wanda ke zuwa ta waya. Dukansu alheri ne, sai dai ba halinsu ɗaya ba.

Mai keke ya fi kowane matafiyi sanin na bakin hanya, domin ba shi ke zaɓen masauki ba. Mai mota yana da gilashi, yana da fitila, in ya ga gari bai yi masa ba sai ya ƙara wuta ya kwana a na gaba. Mai keke kuwa inda ƙarfinsa ya ƙare nan ne zangonsa. Taya ta yi faci kuma sholisho ya bushe, ko sarƙa ta tsinke, ko zazzaɓi ya sauko da la'asar, ko ruwan sama ya cika kwari, shi ke nan, ƙauyen da ke kusa ya zama garinsa ko yana so ko ba ya so. Yana isowa a hankali, fuska a buɗe, ƙura har gira, kowa yana ganin gajiyarsa tun daga nesa. Ba abin da zai ɓoye, ba kuma abin da zai tsere da shi.

Yadda ake karɓar irin wannan mutum a ƙauyukanmu sananne ne, har ba a lura da cewa tsari ne. Ya yi sallama, a amsa, a ce sannu da hanya. Ruwa ne farko, kafin kowace tambaya. A shimfiɗa tabarma a zaure, a kawo buta. In an idar da magariba sai kwanuka su fara fitowa, ba daga gida ɗaya ba, domin baƙon da ya sauka a zauren mai unguwa baƙon gari ne. Sai ya ci ya sha sannan dattijo zai ce, "Malam, daga ina? Ina kuma aka nufa?" Da safe yaro ya raka shi wurin mai faci, mai facin kuma sau da yawa ya ce bar shi kawai, Allah ya kai ka lafiya. Abin lura a nan shi ne jerin: ciyarwa tana gaba da bincike. Ba sai ka cancanta ake ba ka ruwa ba.

Wannan ɗabi'a tana da saiwa biyu. Ɗaya addini ce. Hadisi ingantacce ya sa haƙƙin baƙo kwana uku, abin da ya wuce nan sadaka ne, kuma matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ba rabon zakka, ko da kuwa mai dukiya ne a garinsu. Ɗayar kuma fatauci ce, kuma ita ba a cika son faɗarta ba don kada alherin ya yi kamar ciniki. Fataken goro da na shanu ba su yi tafiyar Gwanja da Kurmi da addu'a kaɗai ba. Akwai zango, akwai fatoma, akwai maigidan da ke saukar da baƙo ya ciyar da shi, ya adana masa kuɗi, ya tsaya masa a kasuwa, shi kuma ya ci la'adarsa. Abner Cohen ya yi bayanin wannan tsari dalla-dalla a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, kuma unguwannin Zango da ke Kumasi da Accra daga wannan tsari suka samo asali. A ganina wannan cuɗanya ba aibi ba ce, ita ce ma ta sa abin ya daɗe. Garin da ya san baƙon yau yana iya zama abokin cinikin gobe, kuma ɗansa ma wata rana baƙo ne a wani wuri, ba ya buƙatar wa'azi kullum kafin ya fito da tuwo.

To in tsaikon ba na dare ɗaya ba ne fa? In hanya ce ta rufe gaba ɗaya, kamar yadda ta rufe wa Barry? Zaure yana da amsa, kuma a kan wannan hanyar ta gabas aka fi ganinta. Kafin jirgi ya zama abin hawan alhazai, mutanenmu ta nan suke bi: Kano, Maiduguri, Fort-Lamy wadda ita ce Njamena ta yau, Abeshe, Aljinaina, Fashir, Ubayyid, har Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiyar shekaru ce. Guzuri ya ƙare, sai a tsaya a yi noma ko ɗinki ko koyar da yara allo, a tara na gaba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kai jama'arsa bakin Shuɗin Nilu, garin da suka kafa har yau da sunansa ake kiransa. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, dubban masu niyyar Makka suka sami aikin yi a can. Masanin nan C. Bawa Yamba ya rubuta littafi a 1995 kan Hausawan Sudan da jikokinsu, waɗanda aka haifa a can amma suna ɗaukar kansu har yanzu a kan hanyar hajji suke. Amsar zaure ga rufaffiyar hanya ita ce: zauna. Ga ɗaki, ga gona, in ka daɗe ga mata. Da a zamanin kakanninsa Barry ya iso Fort-Lamy ya tarar da yaƙi a gaba, da abin da zai samu ke nan, kuma mai yiwuwa da jikokinsa suna can yanzu suna cewa kakansu Azhar ya nufa.

Karamci ne babba, amma yana haɗiye mutum, kuma iyakarsa a fili take. Ƙauye yana ba da abin da yake da shi: ruwa, tuwo, inuwa, addu'a, haƙuri. Ba shi da biza, ba shi da kujerar jirgi, ba zai iya ɗauke ka ya tsallake da kai filin daga ba.

Nan ne alherin nesa ya fi ƙarfi, kuma ba na tare da masu yi masa kallon raini. Cikin 'yan kwanaki ya yi abin da duk zaurukan da ke tsakanin Konakiri da Njamena ba za su iya ba ko sun haɗa kai. Bai tambayi ƙabila ba, bai buƙaci a ji harshen juna ba, wanda ya ba da kuɗin ma ba lallai ya taɓa ganin ƙurar hanyar ba. Ba don shi ba, zaɓi biyu ne ya rage wa yaron: ya juya gida, ko ya kutsa Darfur a shekarar da ake kashe mutane a titunan Aljinaina. Wanda ya ce taimakon intanet riya ce zalla, a tambaye shi ko shi zai biya tikitin.

Sai dai wannan alheri yana da ƙofa, kuma mabuɗinta labari ne. Barry yana da labari mai daɗin ji: talaka, keke, kilomita 4,000, neman ilimi, jami'ar da ta haura shekara dubu. A watannin nan dai dubban ɗaruruwan mutane suka tsallako daga Sudan zuwa gabashin Chadi, a ƙasa da kan jakuna, cikinsu har da ɗaliban da yaƙi ya rufe wa makarantu. Buƙatarsu ba ta gaza tasa ba. Abin da suka rasa shi ne abin da zai bambanta ɗayansu da sauran, domin mutum dubu ɗari da ke cikin wahala iri ɗaya adadi ne, ba labari ba. Mai bayarwa daga nesa ba ya ganin mutum, abin da aka ba shi labari yake gani, don haka kyautarsa takan bi labarin. Dubi kyautar Will Smith. Kwamfuta ta ɗalibi ce, wannan daidai. Keken kuwa na labarin ne, domin mutumin nan bai hau keke don sha'awa ba, rashin kuɗin jirgi ne ya ɗora shi.

Kuma duk inda labari ya zama abin da ake saye, za a sami masu ƙera shi. 'Yan Nijeriya ba su manta da 2015 ba, lokacin da Suleiman Hashimu ya yi tattaki daga Legas zuwa Abuja don murnar nasarar Muhammadu Buhari. Kafin a ce me, tattaki ya zama yayi, wannan ya taka don gwamna, wancan don sanata, wani a ƙasa wani a keke, kowa da rigarsa mai hoto da mai ɗaukar masa bidiyo. Ba na cewa dukansu neman abin duniya suka fita, amma hanya ta koya wa matasa cewa gajiyar da aka ɗauka a waya tana da kasuwa. A zaure ba wanda zai yi wahalar ƙarya don kwanon tuwo. Ladan bai kai ba.

Akwai kuma abin da mai karɓa ke biya. Wanda aka taimaka ta intanet yana biya da fuskarsa: hoto, bidiyon godiya, hira bayan hira, talaucinsa a buɗe ga duk mai waya, kuma ba ya gogewa. Baƙon zaure yana tashi da asuba ya ce Allah ya saka da alheri, a ce masa a sauka lafiya, magana ta ƙare. Ba wanda zai tuna masa bayan shekara goma cewa ya taɓa kwana da yunwa.

Masu yawon duniya a keke sun yi ƙoƙarin sa zaure cikin waya. Tun 1993 suke da Warmshowers, jerin mutanen da suka yarda su sauki mai keke kyauta a gidajensu, ya yi wanka ya kwana. Yana aiki sosai a Turai da Amurka, inda masu masaukin suke da yawa. A Sahel kuwa sai ka yi tafiyar kwanaki ba ka ga ko ɗaya a taswirar ba. Ko da akwai, sai kana da caji da sabis, sai ka aika saƙo tun da wuri an amsa maka. Sarƙa kuwa ba ta duba taswira kafin ta tsinke.

Kada dai a ɗauka zaure ba ya zaɓe. Yana yi, kuma zaɓensa yana ƙara tsanani. A 1963 Dervla Murphy, 'yar ƙasar Ayalan, ta tuƙa keke ita kaɗai daga Turai zuwa Delhi. A Afganistan gindin bindiga ya karya mata haƙarƙari a cikin wata motar haya, dole ta yi jinya, kuma littafin da ta fitar a 1965 cike yake da yabon karamcin mutanen Afganistan da Pakistan. Gaskiya ta faɗa. Amma Baturiya a kan keke abin kallo ce, ana rububin saukar ta daga talaka har hakimi. Baƙin matashi mai sunan Fulani, shi kaɗai, ba kaya ba takardar wata hukuma, yana ratsa Burkina Faso a 2023, wani kallo ake yi masa daban. Barry da bakinsa ya ce wasu dararen a daji ya kwana, don tsoron kada a sace masa keke ko a cuce shi a cikin gari. A tsaya a kan wannan: matafiyi Musulmi, a ƙasashen da masallaci ke kowace unguwa, ya ga daji ya fi masa aminci.

Ba daga sama wannan ya faɗo ba. Ƙasashe uku na farkon tafiyarsa, Gini da Mali da Burkina Faso, duk sojoji ke mulki, kuma yana kan hanya aka kifar da Shugaba Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yuli. A jihar Diffa an hana hawa babur a 2015 saboda Boko Haram, Zamfara da Katsina ma sun taƙaita shi a 2021 saboda 'yan bindiga. Kalmar da ta fi yawo a bakin mutanen karkara yanzu ita ce infoma. Baƙon da ya tambayi hanya, ko ya tambayi gidan wane ne wancan mai rufin kwano, ana iya cewa leƙen asiri ya zo. Masallatai da yawa a birane ana kulle su bayan isha'i. Ƙarshen wannan zargi kuwa mun gan shi a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka tare mafarauta 'yan Arewa da ke kan hanyar komawa gida, aka kashe 16. Mu da muka yi kukan Uromi ya kamata mu tambayi kanmu yadda baƙon da ba ya jin Hausa zai kwashe a ƙauyenmu in dare ya yi masa. Ba na zargin wanda aka taɓa kai wa hari don ya rufe ƙofa. Tsoronsa na gaskiya ne.

Shi ya sa in aka ce in auna, na bakin hanya nake ba rinjaye, ba don ya fi girma ba, don ya fi tsada ga mai yin sa. Wanda ya aika kuɗi daga nesa kuɗi kawai ya fitar, kuma daga rararsa. Wanda ya sauki baƙo a yau ya sa kansa a gaba: in baƙon mugu ne gidansa ne farko, in kuma jami'an tsaro ko 'yan sa-kai suka zo shi za a tambaya dalilin da ya ajiye wanda bai sani ba. Ga kuma lokacin. Daga Mayu zuwa Satumba, watannin da Barry ya yi a hanya, su ne watannin da rumbu ke kusa da ƙasa a duk faɗin Sahel, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Malmalar tuwon da aka fitar wa baƙo a Agusta daga bakin wani yaro aka rage ta. Kuma ko a cikin gidan ba a raba yabon daidai. Maigida ne ke zaune a zaure yana karɓar godiya, amma wadda ta sake hura wuta bayan ta kashe, ta ƙara ruwa a miya don ta kai, tana can ciki, baƙon zai tafi bai ko ji muryarta ba.

Ga wani dalilin kuma: na nesa a kan na kusa yake tsaye. Ɗan jaridar Chadi bai je Togo ya ɗauko Barry ba. A Chadi ya same shi, da rai, da ƙarfin yin magana, bayan mutanen da ba su san za a yi wani labari ba sun yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu. Alherin waya ba ya cikin haɗari, kullum ƙaruwa yake, gobe ma wani labarin zai tashi a tara miliyoyi. Na zaure ne ke janyewa, gari bayan gari, ba tare da sanarwa ba.

Mutanen da ma ba wai ba su san mugun baƙo ba ne. Sun san ɓarawon shanu, sun san ɗan leƙen asirin mahara, kuma ba su rufe zaure ba, dabara suka yi masa. Baƙo ba ya sauka inda ya ga dama, wurin mai unguwa ko sarkin zango ake kai shi, ya kwana a idon jama'a, nauyinsa a kan gari ba a kan mutum ɗaya ba. Maigidan wannan zango kuma yakan haɗa shi da saƙo zuwa ga maigidan na gaba, ya ce ka sauka wurin wane, ka ce ni na aiko ka. Wannan ɓangaren ne waya za ta iya yi wa aiki fiye da tara kuɗi. Yau da wuya ka sami mai unguwa ko limamin da ba shi da lambar takwaransa na garin da ke gaba da na baya. Mai keken da ya ce jiya a gari kaza ya kwana, kira ɗaya ya isa a ji ko gaskiya ne, kira na biyu kuma ya sa a san da zuwansa a inda zai kwana gobe.